Ɗaya Cikin Nawa?

Ɗakin gwajinmu a Lima ba shi da taga.
Nan aka kawo mini hular ulu cikin leda,
an tsince ta bakin kwazazzabo, kusa da gawa,
bayan ruwan sama ya kwana uku yana wanke ta.
Daga silin gashi biyu na tatso ƙwayoyin gado.
Gurbi huɗu kacal suka yarda a karanta su,
sauran suka yi gum.

Huɗun nan sun dace da na Nemesio Ccorahua,
makiyayin alfaka mai haƙorin azurfa guda.
Na danna na'ura, ta tofo lissafi:
ɗaya cikin dubu ɗari tara.
Mai gabatar da ƙara ya lashe leɓe,
ya ce zance ya ƙare.

Dubu ɗari tara na su wa?
Na buɗe jadawalin da na'ura ta jingina da shi.
Jinin 'yan bakin teku ne,
ɗalibai, sojoji, masu lodi a tashar jirgin ruwa.
Babu wanda ya taɓa kwana sama da gajimare.
An auna dutse da igiyar masunta.

Awa goma sha tara a bas, kunnena na toshewa,
akwatin tsinken auduga a kan cinyata.
Kwarinsu hanya ɗaya gare shi, ta shiga ita ce ta fita.
Sunayen dangi biyar ne a maƙabarta,
suna ta zagaya juna kamar zare a mazari.

Na ce: yawu nake roƙo, ba kuɗi ba.
Suka dube ni kamar mai taɓin hankali.
Wata tsohuwa, Donatila, ta tofar da ganyen da take tauna,
ta ce, "In an ɗauki yawuna, me zai rage mini
na tsine wa gwamnati?"
Ta yi dariya, ta wangale baki.
Bayanta layi ya miƙe har jikin coci.
Na goga kumatu ɗari biyu da goma sha ɗaya,
ban rubuta suna ba, lamba kawai.
Mutum uku sun ƙi. Hakkinsu ne.

Wata biyu ina ƙirga.
Abin da ke baƙo a bakin teku,
a can sama ɗan gida ne,
ya zauna a jinin mai saƙa, da na mai kaɗa ƙararrawa,
da na jaririn da aka riƙe mini yana tsala ihu.
Lissafi ya sace kamar kumburi:
ɗaya cikin arba'in.

A kotu alƙali ya zare tabarau.
"To, shi ne ko ba shi ba ne?"
Na ce, ranka ya daɗe, jadawali bai ga komai ba,
ba ya wurin a daren.
Iyakarsa ya faɗi mutum nawa wannan hula za ta shiga kansu,
kuma a kwarin nan suna da dama.
Nemesio bai ɗaga kai ba.
Matar mamacin ta dube ni,
kallon da har yau yake tsaye a maƙogwarona.
Ban wanke kowa ba.
Na dai cire dutsen ƙarya daga sikeli,
na bar su da nauyin da ya rage.

Daren nan, bayan kowa ya tafi,
tsinke ɗaya ya saura a akwati.
Na goga kumatuna, don wasa.
Uwata ta ce daga tsauni ta sauko tana yarinya,
ba ta taɓa faɗin wanne ba,
ta binne harshensu tun kafin a haife ni.

Da asuba na'ura ta zana tsinin layukanta.
Uku cikin huɗun nan
suna zaune a jinina,
shiru, kamar baƙin da suka daɗe a zaure
suna jiran a ce musu sannu da zuwa.